Facin Baba

Yau na buɗe bayan tsohon jirgin ruwan Baba na faiba (wato ƙyallen zaren gilashi da ake daskarar da shi da gam), wurin da ake ɗaura injin Yamaha. Daga waje sumul yake, amma da na ƙwanƙwasa da guduma sai na ji ƙarar ta mutu. Ashe ruwa ya daɗe yana shiga ta ramukan kusoshi, ya ruɓar da katakon da ke ciki har yana marmashewa a hannu. Shi faiba ba ya ruɓewa, katakon da ya lulluɓe ne ke lalacewa a ɓoye.

Ina cikin kankare tsohon fenti a gefen dama, ƙurar faiba na ta sa ni ƙaiƙayi, sai ga wani faci da Baba ya yi da hannunsa, Allah ya jiƙansa. Ya shimfiɗa ƙyallen faiba hawa-hawa, ya shafe da gam, babu kumfar iska ko ɗaya. Duk shekarun da jirgin ya yi yana jigila a Kogin Kwara wajen Yauri, facin bai ɗaga ba. Na daɗe tsaye na kasa ci gaba. Ƙanina ya ce, "Yaya, mu cire mu yi sabo." Na ce a'a. Katakon baya zan canza, amma wannan facin ban ga abin da zan ƙara masa ba.