Ramin da Babu Kowa a Cikinsa

Ranar da aka fara shiga da mu, mu masu koyon gano shekarun tsofaffin gine-gine, rumbun sha'ir na Cressing Temple, a yankin Essex na Ingila, sai na ga kalmar rumbu ta yi masa kaɗan. Ni da na saba da rumbun laka mai hular ciyawa, ga ni cikin gini mai tsawon kusan mita 36, ginshiƙai sahu biyu, duk katako, turakun itace ne ke riƙe da mahaɗarsa. Mayaƙan Templar, wata ƙungiyar mayaƙan Kirista ta wancan zamani, su ne suka gina shi, kuma bincike ya nuna an sare bishiyoyinsa tsakanin 1205 da 1235. Na alkama da ke gefensa ƙaninsa ne, 1257 zuwa 1280.

Gano shekarun ba duba ba ne. Bishiyar ok, wadda da ita suke gini, tana ƙara zobe ɗaya kowace shekara, mai kauri in shekara ta yi albarka, siriri in ta yi tsanani. Ana huda katako a zaro yanki kamar fensir, a auna zobban, a gwada da jerin na yankin. In gefen ɓawo bai zube ba, har shekarar sara ake samu. Kafintocin zamanin kuwa da ɗanyen katako suke aiki, don busasshen ok ba ya jin gatari, shi ya sa sara da gini ba sa nisa da juna.

A nan na yi tuntuɓe. An ba mu wani ƙaramin rumbu a ƙauye mu gano shekarunsa, na zaɓi katakon da ya fi baƙi da kauri, na sami tsohuwar shekara, na rubuta rahoto baki har kunne. Malaminmu bai ce uffan ba. Ya kai ni ƙarƙashin katakon, ya haska tocila kan wani ramin mahaɗa da aka sassaƙa, wayam, ba abin da ya shiga ciki.

"Wannan wa yake jira?"

Ashe daga wani tsohon gini aka ciro katakon. Shekarar da na samo gaskiya ce, amma ta ginin da ya riga ya rushe.

Tun daga nan mahaɗa nake fara dubawa kafin in taɓa mahudi. Da siffar mahaɗa Cecil Hewett, masanin tarihin aikin kafinta, ya dage cewa rumbunan Cressing sun girmi yadda ake zato, tun kafin zobe ya ba shi gaskiya.

Da na zo hutu gida, na tsaya ina ƙare wa azarar zaurenmu kallo. Giginya ba ta yin zobe, ko ka huda ba abin ƙirgawa. Sai na nemi tabarma na zauna kusa da Baffa, na tambaye shi wane magini ya ɗora ta.