Me ya sa nake buɗe taswirar sabis ɗinmu kowa ya gani

Ƙaramin kamfani nake da shi a Kano, ni da yara uku da nake koya wa aiki. Sana'armu ita ce ɗaura ƙananan na'urorin awo a wuraren da mai dukiya ba zai iya tsayawa yana gadi dare da rana ba: tankin rijiyar burtsatse, ɗakin kaji, ɗakin sanyi na masu kifi, da gonakin rani na Kura da Kadawa da ke shan ruwan madatsar Tiga. Na'urar tana auna zafi ko danshin ƙasa ko yawan ruwan da ya rage a tanki, ta aika da ɗan gajeren saƙo ta iska zuwa tashar karɓa, wadda masu aikin ke kira getwe, ita kuma ta miƙa shi ta intanet zuwa wayar mai wurin.

Fasahar da muke aiki da ita sunanta LoRa. Wani ƙaramin kamfani na Faransa ne ya ƙirƙire ta, kamfanin Semtech na Amurka ya saye shi a 2012. Ba ta buƙatar layin waya a cikin kowace na'ura, batir ɗaya kan yi shekaru, kuma saƙon yana tafiya nesa, sai dai ba ya ɗaukar kaya mai yawa: a zango mafi nisa bai wuce harafi 51 ba. A 2015 wasu mutane a Amstadam ta ƙasar Holan, Wienke Giezeman na gaba a cikinsu, suka kafa wata hanyar sadarwa ta jama'a mai suna The Things Network, wato TTN a taƙaice, suka game birnin da tashoshi goma cikin 'yan makonni, bisa sharaɗin cewa duk wanda ya kafa tasha ya bar ta a buɗe, na'urar kowa ta bi ta cikinta. Tashoshinmu a kan wannan tsari suke.

Tambayar da kowane mai saye yake fara yi ita ce, "Malam, sabis ɗin zai kai gonata?" A farkon sana'ata da lissafi nake amsawa. Ina duba taswira, in ƙiyasta tsawon sandar eriya, in zana da'ira a kewayen tasha, in ce duk wanda ke cikinta ya samu. Wani dattijo mai gonar tumatir ya amince da wannan da'irar tawa, ya biya kuɗin na'urori, muka binne su a cikin kuyoyi da rani, suka yi ta aiko da saƙo lafiya lau. Da damina ta sauka, dawar maƙwabcinsa ta yi tsawo, itatuwan mangwaro da darbejiya da ke tsakaninsa da tasha suka cika da ganye jiƙaƙƙe, sai saƙon ya riƙa zuwa yau, gobe shiru. Da na je, bai ɗaga murya ba, ya dai nuna mini na'urar da sandarsa ya ce, "Ɗana, abin da ka faɗa mini ka gani da idonka ne, ko ka zata?" Na mayar masa da kuɗinsa, kuma tun daga ranar ban sake yi wa kowa alkawarin sabis a wurin da ban auna ba.

Awon ba shi da wuya, haƙuri yake so. Muna ɗaure na'ura mai GPS a bayan babur, eriyarta a tsaye, yaro ya bi hanya a hankali, ta riƙa aika saƙo ɗauke da inda take. Duk saƙon da tasha ta ji, ana rubuta wurin da ya fito da ƙarfin siginar da ya iso da ita. Waɗannan bayanai muna tura su zuwa TTN Mapper, taswirar da JP Meijers, wani injiniya ɗan Afirka ta Kudu, ya gina domin masu amfani da wannan hanyar sadarwa su tara awonsu wuri guda. A kanta ja yana nufin sigina mai ƙarfi, sai ruwan lemo, rawaya, kore, har zuwa shuɗi, inda saƙon ke isa da ƙyar. Akwai ƙa'idar da nake nanata wa yarana kullum: hanyar ta jama'a ce, kowace na'ura daƙiƙa 30 take da ita na magana a iska a yini, saboda haka ba a barin na'urar awo tana ta surutu ba dalili.

Abin da awon ya koya mana ya rushe da'irar gaba ɗaya. Sabis ba zagaye yake ba. Yana miƙewa ta inda fili yake, ya yanke a bayan dogon bene ko tudu, ya sake ɓullowa can gaba. Tsawon sandar eriya ya fi ƙarfin na'ura tasiri nesa ba kusa ba, kuma na'urar da aka sa a cikin shago mai rufin kwano ko a ƙasa cikin kunya ba ta jin abin da wadda ke kan babur take ji, don haka idan wurin na ciki ne, a ciki muke aunawa.

Wasu abokan sana'a sun ce mini ina tona wa kaina asiri, domin taswirar tana nuna unguwannin da ba mu kai ba, kuma mai gasa da ni zai iya ganin inda zai kafa tasa tashar. Gaskiya ne zai gani, kuma ni hakan nake so. Idan ya kafa tasha a buɗe a gurbin da na bari, na'urorin abokan cinikina ma za su bi ta cikinta, nasa su bi ta tawa. Ɗalibin injiniya da ke son gwada aikinsa na ƙarshe zai iya dubawa ya san ko unguwarsu tana da sabis kafin ya kashe kuɗin da ba shi da su. Shi kuma mai saye, maimakon ya dogara da bakina, ina buɗe taswirar a gabansa ya nemo gonarsa da yatsansa, idan babu launi a wurin in gaya masa ba mu auna ba tukuna.

Buɗewar tana da iyaka, kuma wannan nake ɗauka da muhimmanci. Tasha yawanci a kan rufin gidan wani take, da allon sola da batir, abubuwan da ɓarayi ke so, saboda haka ba na nuna wurinta sai da yardar mai gidan. Yarana kuma ba sa kunna na'urar awo daga ƙofar gidansu, domin sawun da take bari a taswira yana nuna inda mutum ya kwana da hanyar da yake bi.

Taswira kuma tana tsufa. Tashar da batirinta ya mutu, ko ƙurar hunturu ta rufe allon solarta, ko datarta ta ƙare, ba ta jin komai, alhali launin da aka auna bara yana nan a kan allo. Shi ya sa muke sake bin hanyoyin Kura da Bunkure sau biyu a shekara, sau ɗaya da rani, sau ɗaya a watan Agusta lokacin da dawa ta rufe mutum, kuma awon Agusta ne nake nuna wa manomi kafin ya biya ko kwabo.