Hilux ɗinka na rawa a kwalta? Ka bar mai faci ya huta haka nan

Jama'a masu Hilux da sauran motocin ɗaukar kaya a Maradi, yau maganar girgiza za mu yi. Da mota ta fara kakkarwa sai kowa ya ce taya ne, a je wurin mai faci, a ƙara iska, a rage iska, a sayi wani tayan, kuɗi na ta tahiya mota na nan tana rawarta. Gaskiya sau da yawa tayan ne ko janti, amma in motar taka mai jigilar buhuna ce daga kasuwannin ƙauye, wallahi ka sa arbur cikin lissafi, wato sandar ƙarfen nan da ke cikin pon na baya (dogon ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya biyu) wadda taya ke ɗaure a bakinta.

A Hilux sandar nan aiki biyu take yi, ita ke juya taya kuma ita ke ɗauke da nauyin motar, ba kamar Land Cruiser 79 ba da nauyi ke zama kan kwankwason pon ɗin. Motar da anka ƙera ta ɗauki kamar tan 1, buhu 10 na kilo 100 ke nan, mu nan sai a loda mata gero ko wake ko aya ninki biyu, a ɗora mutane bisa, a bi hanyar Dakoro ko a gangara wata korama da damina, taya guda ya hwaɗa rami da wanga nauyi, to mi kake jira? Lanƙwasar ba ta da yawa, ido ba ya ganinta, amma a gudun kilomita 70 ko 80 a awa za ka ji ta a jikinka.

Gwajin farko ko dala ba ya ci. Hau kwalta mai kyau, kamar wajen Tibiri, ka kai gudun da take fara rawar sai ka cire giya ka bar ta tana gangarawa. In girgizar na nan, injin ba shi da laifi. Sai ka lura ina kake jin ta, in a sitiyari ce matsalar gaba take, in kuwa a kujera da ƙasan ƙafa ce to baya ne. Kardan ma, wato sandar da ke kai ƙarfin inji daga giya zuwa pon, na girgiza mota in kurwaziyo, gaɓar da ke bakinshi, ya mutu, amma tashi girgizar ƙanana ce da sauri sauri kamar waya na ɓari a aljihu, don kardan na juyawa wajen sau 4 kafin taya ya juya sau 1, ita ko ta arbur jijjiga ce mai nauyi. Bayan haka maido tayoyin baya gaba, na gaba baya. In rawar ta biyo su zuwa sitiyari, shi ke nan taya ne ko janti, ka yi hamdala.

In ta ƙi barin baya, sai garaji. A ɗaga motar, a sa mata abin tokara na kirki da duwatsu a tayoyin gaba, don Allah kar yaro ya shiga ƙarƙashi mota na kan jak kaɗai. A cire taya da tambur ɗin birki, a goge tsatsa da yashi daga fuskar arbur ɗin, a kafa waya ko alli dab da bakinta a juya da hannu a hankali. In allin ya taɓa gefe guda ya tsallake ɗayan, ka ga ɓarawonka. Mai injin tur (injin sassaƙa ƙarfe) da ke da agogon awo mai allura zai hwaɗa maka daidai. Sauran shaidu su ne rulma (boris ɗin da arbur ke juyawa a ciki) da ke mutuwa bini bini a gefe guda, man pon na yoyo yana jiƙa birki, da birki mai harbin ƙafa. Amma in kwankwason pon ne ya lanƙwashe ba za ka ga rawa a juyi ba, sai dai taya na cinyewa ta gefe ɗaya.

Yanzu ga inda nake rigima da wasu makanikai. Maigida zai ce maka alhaji bari mu sa mata wuta mu buga ta miƙe, jikka kaɗan ne. Kar ka yarda. Ƙarfen nan an gasa bayanshi ya yi tauri tun daga masana'anta, wutar walda na kashe taurin, ranar da ya karye kuwa taya da tambur tare za su fita su bar ka da lodi a hanyar Ɗan Isa. Canzawa ake yi. In okaziyo za ka saya, ko nan gari ko an kawo maka daga Katsina ko Kano, je da tsohuwar a gwada tsawo, a ƙirga haƙoran bakinta, a duba ko mai ABS ce (na'urar hana taya cijewa in an taka birki), kuma a juya ta a tur kafin ka biya don ita ma daga wata motar da ta sha wuya anka ciro ta. Sabuwar rulma da zobenta a matsa su da injin matsi ba guduma ba, sabuwar robar tare mai, a cika pon da mai 80W-90, in birki ya sha mai a canza shi. Ku duba lam (sifirin na baya) da amotisa (shokazoba) tunda an riga an kwance, ramin da ya lanƙwasa arbur da wuya ya ƙyale su.