Rumfar da ta so leƙa titi

Jidda, ranar Talata.

Tun bayan sallar asuba na isa wurin aiki domin in gama awo kafin rana ta take. Mai gidan dattijo ne, Bahaushe haifaffen Makka, kuma abu biyu yake so: a tsawaita bakin rufin ɗakin baƙi ta gefen maƙwabci, sannan a kafa rumfar ƙarfe a kan katanga wadda za ta miƙa titi ta rufe masa mota. A garin da ruwan sama ba ya wuce 'yan kwanaki a shekara, inuwa ake nema da bakin rufi.

Da injiniya ya zo da hantsi, ya buɗe zanen da aka ba da izinin gini a kansa, ya ce ba za ta yiwu ba. Ƙa'idar da ake bi a nan lokacin da aka ba da izinin, wadda Larabawa ke kira irtidadi, ita ce gini ya ja da baya daga titi gwargwadon kashi ɗaya cikin biyar na faɗinsa, ya kuma bar mita 2 tsakaninsa da iyakar maƙwabci. Titin nan mita 15 ne, saboda haka mita 3 aka bari a gaba. Iyakar fili kuwa, in ji shi, ba a ƙasa kaɗai take ba, miƙewa take yi sama, don haka daga ƙarshen rufi ake awo, kuma dole ruwan indararo ya zuba a cikin gida.

Dattijon ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka taɓa shiga Balad, tsohon gari? Tagogin katakon can ai a kan lungu suke rataye, kuma su ake nuna wa baƙi yau." Na ce, "Haka ne, Baba." Rawashin yake nufi, waɗanda suna cikin abin da ya sa UNESCO ta sanya tsohon garin Jidda cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Bai tsaya nan ba, sai da ya kawo labarin indararon gidan sahabi Abbas da ke leƙa hanya, wanda Sayyidina Umar ya cire, daga baya ya mayar da shi da aka shaida masa cewa Manzon Allah (SAW) ne ya kafa shi. Hujjarsa tana da ƙarfi, domin malaman fiƙihu sun yarda da irin wannan fitowa muddin tana da tsayin da mahayi zai wuce ba ta cutar da shi ba. Sai dai mahayin yau tankar ruwa ce da motar kashe gobara, kuma rumfarsa ba za ta bar su wucewa ba.

A raina dai ban gamsu da mita 2 ɗin gefe ba, domin na sha ganin masu gida suna ɗora kwano a kan katanga don kada tagar maƙwabci ta leƙa tsakar gidansu, iskar da aka bar wurin dominta kuma ta toshe.

Bayan la'asar muka daidaita. Bakin rufin zai tsaya yadda yake a zane, indararon ya juya ciki, rumfar kuma ta ƙare daidai kan katanga, motar ta riƙa shiga harabar gida. Bayanta zai ɗan sha rana da yamma. Gobe mai walda zai zo ya rage ƙarafan da aka riga aka yanka.