Abin da Tsibiran Hawai Suka Koya Mini Game da Duwatsun Ningi

A karatun ilimin duwatsu da na yi a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, babu darasin da ya zauna mini a rai kamar na tsibiran Hawai da ke tsakiyar Tekun Pasifik. Daga gare su na koyi cewa idan mutum ya ga duwatsu sun jeru, tambayar farko da ta kamata ya yi ita ce ta shekarunsu: wanne ne babba, wanne ne ƙarami, kuma ta wace fuska tsufan ya nufa.

Tsibiran nan sun jeru ne daga kudu maso gabas zuwa arewa maso yamma. Babban tsibirin, inda Kilauea da Mauna Loa suke aman wuta har yau, bai kai shekara miliyan ɗaya ba, alhali Kauai da ke can arewa maso yamma ya kai kimanin shekara miliyan 5, wutarsa ta mutu tuntuni, ruwan sama kuma ya zaizaye shi ya bar kwazazzabai masu zurfi. A shekarar 1963 wani masani ɗan ƙasar Kanada, Tuzo Wilson, ya kawo bayanin da ya warware wannan tsari. A cewarsa akwai wata matattarar zafi a can ƙarƙashin ƙasa wadda take turo narkakken dutse sama, faifan da ke ɗauke da tekun kuwa, wato katafaren yanki na ɓawon ƙasa, yana tafiya a kanta, kimanin santimita 7 zuwa 10 a shekara, kamar a riƙa jan buzu sannu a hankali a kan garwashi guda, ya riƙa ƙonewa wuri bayan wuri a jere. Kowane tsibiri ana haihuwarsa a kan zafin, sannan a tafi da shi, ya huce, ya zaizaye, daga ƙarshe ya nutse. Wani sabon dutse ma yana nan yana tasowa a ƙarƙashin ruwa kudu da babban tsibirin.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda wannan tunani ya buɗe mini ido a kan duwatsun gida. Duwatsun Ningi da Burra, da takwarorinsu na Jos waɗanda aka daɗe ana haƙar kuza a gindinsu, saiwoyi ne na tsofaffin duwatsu masu aman wuta da zaizayewa ta cinye samansu, kuma a yankin Ningi har yanzu ana samun ragowar duwatsun da aka amayar. Su ma a jere suke, shekarunsu na raguwa daga arewa zuwa kudu: mafi tsufa suna yankin Azbin a Nijar, na wajen garin Dutse a Jihar Jigawa sun haura shekara miliyan 200, na Afu a Jihar Nasarawa kuwa kimanin miliyan 140. Tun da na san haka, duk lokacin da na bi hanyar Ningi sai na ji girman abin da nake wucewa, kuma ina ganin ya dace a koya wa kowane ɗalibin sakandare a jiharmu wannan tarihi.

Sai dai malamanmu sun ja mana kunne kada mu ɗauki bayanin Hawai mu ɗora wa kowane jeri, kuma a ganina wannan gargaɗi ya fi darasin farko wuyar riƙewa. Jerin duwatsun Kamaru ya taso daga tsibiran Annobon, Sao Tome, Principe da Bioko a mashigin tekun Gini, ya hau tudu, har masana da dama suna lissafa tsaunukan Biu da ke gabas da Gombe a matsayin reshensa. Amma shekarunsa ba su bi tsari ɗaya ba, domin wurare da yawa sun yi aman wuta a zamani guda, shi ya sa masana ke ta muhawara a kan asalinsa. Kuma jerin bai mutu ba. Dutsen Kamaru ya yi aman wuta a 1999 da 2000, sannan a 1986 iskar da ta ɓalle daga Tafkin Nyos, wanda ke cikin bakin wani tsohon dutse mai aman wuta, ta hallaka mutum sama da 1,700 a dare ɗaya, a wurin da ba shi da nisa sosai da iyakar Jihar Taraba.