Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Keken Baba da Duwatsun Mandara

Makon jiya na tsaya a rasuwar Baba, Allah Ya jiƙansa, da yadda dangi suka watse bayan sadakar arba'in. Na so yau in shiga zancen aurena na fari, amma akwai maganar da ta tsaya mini a rai, in ban fitar da ita ba sauran labarin ba zai tafi daidai ba. Maganar keke ce.

Baba ya bar Phoenix baƙi mai kariya da ƙararrawa, wanda yake kai fatu majema da shi. Kowa a gidanmu ya san ni ya ce a ba. Inna ta ji da kunnenta, Goggo ma ta ji. Amma Baffa ya tura shi kasuwar Marwa, garinmu a arewacin Kamaru, ran Litinin aka sayar, ya ce kuɗin sun tafi a hidimar zaman makoki. Na je na durƙusa na ce, "Baffa, ai Baba ya ce nawa ne." Bai ko ɗaga kai daga carbinsa ba. Ya ce, "Kai yaro, keke ba ya kai mutum ko'ina sai inda ƙafarsa za ta kai shi. Tashi ka ba ni wuri." Yau ga furfura a gemuna, amma har yanzu ina jin muryar da ya faɗi wannan magana da ita.

So ya yi in bi 'ya'yansa Meskin in riƙa yi musu dakon albasa. Na ƙi. Na tafi gindin dogon yaro kusa da babbar kasuwa, wurin wani dattijo mai gyaran keke, na ce ya ɗauke ni. A hannunsa na koyi faci da sholisho, da ɗaure waya har gare ya miƙe ya daina rawa, da kwance cibiya a wanke ƙwallayenta da kananzir a sake cika ta da giris. Ba ya yabo, ba ya kuma duka. In ka ɓata aiki sai ya miƙo maka sufana ya juya baya. Ina wurinsa aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, faran ɗin Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Kayan gyara suka yi tsada ba kaɗan ba, tif ɗin da a da za a yar sai ka ga faci a kan faci. Wannan shekarar ce ta sa hannuna ya faɗa.

A wancan zamanin Nasara suna cika Marwa da zarar damina ta ɗauke. Wasu Waza za su je kallon giwaye da raƙuman dawa, wasu Rumsiki. Wata rana direban wasu daga cikinsu ya sauke wani keke daga saman mota ya kawo mana, sarƙarsa ta tsinke. Ban taɓa ganin irinsa ba. Taya mai kauri da haƙora, kai miƙaƙƙe ba lanƙwasa, faranti uku a gaba, bakwai a baya, giya 21 ke nan. Maigidana ya duba ya duba, ya ce wannan aikin masu ƙuruciya ne. Na cire ɗan da ya lalace na haɗa sarƙar, na hau in gwada. Na bi ta yashin mayo Kaliyawo, rafin da ya ratsa Marwa, inda kowane keke yake nutsewa sai an sauka an tura. Wannan bai nutse ba. Na saki giya zuwa ta ƙasa, ƙafata tana juyawa a sauƙaƙe, na haye ɗaya gaɓar ban sa ƙafa a ƙasa ba. A ranar na ƙulla a raina sai na mallaki irinsa. VTT suke ce masa da Faransanci, mu kuwa keken dutse.

Na daɗe ina tari kafin in samu nawa, na gwanjo, irin waɗanda ake lodowa daga Duwala a jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, daga can tirela ta ƙaraso da su. Da na shigo da shi gida Baffa yana zaure. Ya tambayi kuɗinsa, na faɗa. Ya ce da wannan kuɗin ai da na sayi buhunan albasa na ajiye su yi tsada. Sai ya sake maimaita maganar nan tasa, a gaban surukinsa da baƙi.

To bari in faɗi inda ƙafar tawa ta kai ni.

Da farko ni kaɗai nake fita da asuba, hanyar Mindif, inda dutsen nan mai tsini yake tsaye shi kaɗai a fili, kana hangensa tun daga nesa. Daga baya masu kawo mini gyara suka fara bina. Akwai wani malamin firamare Bamafe, wato ɗan ƙabilar Mafa, daga wajen Koza, da wani ma'aikacin jinya ɗan kudu, da Bafillatani mai shagon magani, da wasu samari biyu 'yan uwa ɗaya daga Domayo. Ba mu da suna, ba mu da shugaba, ba mu da kati. Muna da gwangwani ɗaya dai da kowa yake jefa abin da ya samu, saboda tif da sarƙa da robar birki. Hira da Fulatanci ake yinta, in gardama ta yi zafi a koma Faransanci, ni da samarin nan mu yi gulmarsu da Hausa suna ji suna dariya.

Malamin nan shi ya buɗe mana dutse. Daga Marwa zuwa Mokolo wajen kilomita 80 ne, ta Meskin da Gazawa da Mokong da Zamai, sai mu ɗora kekunan a saman mota mu sauka can. Daga Mokolo hanya biyu ce ke kiranmu. Ɗaya ta yi kudu ta Mogode zuwa Rumsiki, ƙasar Kapsiki, inda duwatsu suke tsaye tsirara cikin kwari, ragowar aman wuta na tun fil azal, ga Najeriya can kana kallo. Ɗayar ta yi arewa ta Jingiliya ta gangara Koza, in kana da sauran ƙarfi ka zarce Mora. Ita ce na fi so. Mafa sun sassaƙe dutsen nan tun daga gindi har sama, hawa-hawa, kowane hawa da katangarsa ta duwatsu da aka jera da hannu don kada ruwa ya kwashe ƙasa, a kai suke shuka dawa da gero. Gidajensu masu tsinin jinka suna maƙale a tsakanin manyan duwatsu. Malam ya kafa mana doka tun ranar farko: ba a taka gona, ba a bin kan katanga, in kun iso gida ku sauka ku gaisa, in tsohuwa tana tafe da kaya a kai ku ba ta hanya ko da kuna tsakiyar gangara. Ya ce katangar da tayarka za ta rusa cikin ƙiftawar ido, kakan wani ne ya jera ta.

Masu tambayata me ake ji a wannan wahala, ga shi. Hawa yana cinye duk wani tunani. In kana tsakiyar tudu, ƙirji yana zafi, gumi yana shiga ido, babu bashi a kanka, babu kuɗin haya, babu Baffa. Numfashinka ne kawai da ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya. Kuma dutse yana da iliminsa. Giya kafin tudu ake sauya ta, in ka bari sai ka shiga ka danne feda sannan ka sauya, sarƙa ce za ta biya. A kan duwatsu da yashi ana rage wa taya iska don ta kama ƙasa, amma in ka rage da yawa gare zai ciji tif ya huda shi wuri biyu. A gangara ka tashi daga sirdi ka ja jikinka baya, ka taɓa birkin gaba a hankali, wanda ya damƙe shi da ƙarfi ta saman kan keken zai wuce. Idonka kuma ya tsaya a inda kake son bi, domin dutsen da ka zuba wa ido shi za ka doka. Ga ƙaya. Ƙayar aduwa da farar ƙaya ba su san tsadar taya ba, shi ya sa ban taɓa fita ba famfo da kayan faci ba. Lokacinsa kuwa daga ƙarshen damina zuwa ƙarshen hunturu ne. In Maris da Afrilu suka shigo, zafi ya haura digiri 40, sai dai fitar asuba a dawo kafin hantsi.

Amma abin da ya riƙe ni ba wannan ba ne. A kan kowane tudu ana jiran na baya. Ba wanda ya rubuta haka, haka dai muka tarar da kanmu muna yi. Mai shagon magani yana da jiki, kullum shi ne na ƙarshe, kuma ba a shan ruwa sai ya iso. In azahar ta yi, Malam da ma'aikacin jinyar nan, da yake su Kirista ne, su suke tsare mana kekuna mu yi salla, har Malam ya san inda za a samo mana ruwan alwala a kowane ƙauye. In fitar ta faɗo ran Lahadi mu ma mu jira su taso daga coci. In an kawo musu burkutu a ƙwarya su sha abinsu, mu a kawo mana gyaɗa da ruwa, ba wanda ya taɓa ɓata rai. Lokacin da Inna ta kwanta ciwon da na ba ku labari a kashi na shida, kuɗin gwangwanin nan aka juye mini gaba ɗaya, ba wanda ya ce rance ne. 'Ya'yan Baffa suna da motar albasa a lokacin. Sun zo dubiya da lemo.

Kwanan baya ɗana na biyu ya nuna mini a waya yadda abin ya faro a Amurka. A shekarun 1970 ne, wasu samari a Kalifoniya suke gangarowa daga dutse da tsofaffin kekuna masu birki a cibiyar baya, birkin ya yi zafi har giris ya ƙone, sai an sake cusa sabo bayan kowace gangara. Wannan na gane shi sarai, aikina ne. Daga nan kamfanoni suka shiga ƙerawa, har aka sa shi a gasar Olamfik ta 1996 a Atlanta. Na yaba musu. Amma na ce wa yaron, ni da idona na ga mutanen Kapsiki suna gangaro da buhun dankali da na gyaɗa a kan keke marar giya, birkin ya cinye, suna taka tayar baya da silifa don su rage gudu. Su abinci suke nema. In ana lissafin gwanayen dutse a sa da su.

Na tsallake zancen zuwan baburan Sin, wanda ya kusa kashe mana sana'a. Kowa ya jingine keke, har ana yi wa mai hawansa kallon wanda ya rasa. A shekarun nan Baffa ya samu abin faɗa sosai. A taron sunan ɗiyata ya ce wa mutane, ga mai iyali da gemu yana yawon dutse da gajeren wando da hular kwano. Ban tanka ba, don Inna ta hana ni tun ina yaro. Ya rasu ban tanka ba, na kuma yi masa wanka da hannuna, Allah Ya gafarta masa. Amma keken Baba bai kamata a sayar ba, ko a gaban wa zan faɗa.

Sai 2013 ta zo. A watan Fabrairu aka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya, har da yara, a wajen Dabanga bayan sun fito daga Waza. A watan Nuwamba aka ɗauke wani limamin coci Bafaranshe a Ngecewe, nan kusa da Koza, hanyar da muke bi. Baƙi suka ɗauke ƙafa ɗif. Masu yi musu jagora a Rumsiki, da masu saƙa da sassaƙa na Jingiliya, kowa ya zauna. Aka buɗe sansanin Minawawo aka cika shi da 'yan gudun hijira daga Najeriya. A watan Yulin 2015 bama-bamai suka tashi a cikin Marwa kanta. Wa zai ɗauki jaka a baya ya nufi dutse a irin wannan lokaci? Soja na farko da ya gan ka zai tsare ka, kuma da gaskiyarsa. Da hukuma ta taƙaita zirga-zirgar babura, mutane suka zaro tsofaffin kekunansu daga rumbu da bayan ɗaki, aiki ya dawo mini har na ɗauki yara. Na samu kuɗi a shekarun nan fiye da kowane lokaci, ban kuma taɓa jin daɗinsu ba.

Ƙauyen su Malam an kai masa hari cikin dare. Ya kwaso mahaifiyarsa da matarsa da yara ya sauko Mokolo, gonakin da kakanninsa suka jera wa dutse suna can ciyawa ta cinye. Da ya zo Marwa neman canjin wurin aiki, a ɗakin shagona ya sauka, shi da babban ɗansa. Wasu daga cikin dangi suka aiko a faɗa mini bai dace in ajiye wanda ba Musulmi ba a inda nake salla. Na ce wa ɗan aiken ya koma ya tambaye su ina suke ranar da ake neman kuɗin maganin Inna.

Yanzu gwiwa ba ta barina in yi nisa. Ma'aikacin jinya ya koma kudu, mai shagon magani ya riga mu gidan gaskiya. Amma yaran shagona da abokansu sun fara fita hanyar Mindif da wajen Meri ran Asabar, har da 'yar Malam, wadda ta fi su duka iya gangara, ko da yake na san akwai masu magana a kan haka. Ni nake duba musu birki kafin su tashi, kuma na ce duk wanda ya baro ɗan uwansa a baya kada ya sake kawo mini kekensa. Koza dai ban yarda su je ba tukuna.

Malam ɗin nan da na ce ya sauka a shagona, tun can baya ta dalilinsa na san gidan da na auro uwargida, kuma Baffa ne aka tura neman auren. Yadda ya yi a can da abin da ya faɗa wa iyayenta a kaina, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.