Ƙarfin magniziyam yana cikin fatarsa

Haɗin da na fi aiki da shi a injin zubin ƙarfe na matsi shi ne AZ91D, wato magniziyam mai kashi 9 cikin ɗari na alminiyam da kusan kashi 1 na tutiya. Nauyinsa kamar biyu bisa uku ne na alminiyam, amma saurin daskarewa gare shi, kuma duk saitin injin kokawa ce da wannan saurin.

Ban fahimci ƙarfen nan sosai ba sai da muka fara yanka kayan da muka zuba, muna gogewa muna dubawa a maikuroskof. Gefen da ya taɓa mazubi (abin da ake zuba ƙarfen a ciki ya ɗauki siffa), wato fatar kayan, ƙwayoyin ƙarfensa ƙanana ne a cunkushe, domin nan ya yi sanyi nan take. Tsakiya kuwa ƙwayoyi manya, ga ramuka. Ƙanƙantar ƙwaya tana ƙara wa magniziyam ƙarfi fiye da yadda take yi wa alminiyam. Shi ya sa nake jin zafi in na ga an kankare fatar nan don kaya ya yi santsi.

Mazubi na fi son ya tsaya wajen digiri 200 na ma'aunin Salsiyas. In ya yi sanyi, ƙarfen da ya biyo hanyoyi biyu yakan haɗu bai manne ba, ya bar tabo, kuma daga nan yake karyewa. In ya yi zafi da yawa, fatar ta sirance, ƙwayoyi su girma.

Tafiyar fistan, wato sandar da ke tura narkakken ƙarfe ta cikin bututu zuwa mazubi, ita ce ta fi cin lokacina. Matakin farko a hankali yake. Ka gaggauta shi, narkakken ƙarfen ya yi igiya cikin bututu ya haɗiye iska. Ka ja shi da yawa, ya fara daskarewa tun a bututun, waɗansu manyan ƙwayoyi masu rassa su bi cikin kayan su taru a tsakiya, sai kayan ya tsinke da wuri in an ja shi don gwada ƙarfinsa. Ƙara zafin narkewa zuwa wajen digiri 680 yana rage su, sai dai magniziyam mai zafi haka yana saurin kamawa da wuta, dole iskar kariya ta rufe samansa.

Matsin ƙarshe kuwa, wanda fistan ke yi bayan mazubi ya cika, yana matse ramuka ne kawai muddin ƙofar da ƙarfe ke bi ya shiga mazubi ba ta daskare ba. Da ta rufe, ko nawa aka ƙara bai kai ciki ba. Don haka kafin in taɓa matsin, kaurin ƙofar nake fara aunawa.